Pompeyi, garin da toka ta binne

Pompeyi tsohon gari ne na Rumawa a kudancin Italiya, kusa da birnin Napoli. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Besubiyo ya yi aman wuta, toka da tsakuwa suka rufe garin, kaurinsu mita 4 zuwa 6. Sai a 1748 aka fara tono shi.

Abin da aka tarar, jama'a, zaman yau da kullum ne irin wanda muka sani. Gidajen burodi sun kai 30, jakuna ne ke juya dutsen niƙa. Har burodi aka iske cikin tanderu, ya koma gawayi. Ga famfunan unguwa, ga rumfunan masu abinci da tukwanensu kafe cikin dakali. Jikin bango kuwa an rubuta sunayen ƴan takara. Aikin wahala, bayi ke yin shi.

Galibin labarin nan tukunya da dutsen niƙa ne suka ba da shi. To, in hauya ta tono mana tsohon kasko a wani kufai nan Damagaram, kada mu fasa, kada mu saida. Mu sanar da maigari.