Daga rumbun Nasara zuwa OHADA: wa ke yanke kuɗin wanda zai fita tarayya?

Kowa cikinmu ya san wata tarayya da ta watse da baƙin rai: an haɗa kuɗi an sayi injin niƙa ko motar kasuwa, ra'ayi ya saɓa, ɗaya ya ce a ba shi rabonsa. Sauran su ce abin da ya zuba za a mayar masa. Shi kuma ya ce a'a, dukiya ta haihu. Wannan gardama tana da tarihi.

Kafin Nasara, malamanmu na Malikiyya sun san shufu'a. In mutum biyu suna tarayya a gona ko gida da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayya yana da ikon karɓe rabon, amma sai ya biya kuɗin da baren ya biya, ba ragi. Mai fita bai yi asara ba, mai zama bai samu baƙo bisa tilas ba.

Zamanin Faransa aka kawo ƙungiyoyin tanadi da ake kira SIP. Shiga dole ce, kuɗinta tare da lanho ake karɓa. Kakanninmu sun zuba hatsi a rumbun tsimi, amma ba wanda ya isa ya ce ya fita a ba shi nasa.

Bayan samun mulkin kai, a 1962 gwamnati ta kafa UNCC don koperatif da bashin manoma, da SONARA don cinikin gujiya. Ƙasar Tasawa da Mayahi ta noma gujiya sosai, har fari na 1973 da ciwon gujiya na 1975 suka karya noman. An rushe UNCC a 1984. A duk tsawon nan, sunan ƙungiya na manoma ne, linzami na hukuma.

Sauyi ya zo da yarjejeniyar OHADA ta 17 ga Oktoba 1993, wadda Nijar take ciki. An fitar da dokar kamfanoni a 1997, aka sabunta ta a Wagadugu a 2014. Ta koperatif kuma a Lome a 2010, bisa shiga da son rai.

Me dokar ta ce? A kamfanin SARL, in mai hannun jari yana so ya sayar wa bare, sauran suka ƙi, ba su da ikon ɗaure shi. Cikin wata 3 sai su saya, ko kamfanin ya fanshi hannun jarin da yardarsa. In farashi ya gagara, aya ta 59 ta ce ƙwararre ne zai ƙiyasta: su zaɓe shi tare, ko kotu ta naɗa shi. Wato masu rinjaye ba su ke yanke kuɗi ba.

Sai dai ƙofar ba ta da faɗi. A jihar Delawa ta Amurka, wanda ya ƙi yarda da haɗe kamfaninsa da wani yana iya neman kotu ta ƙiyasta rabonsa a biya shi. A nan, ƙin yarda kawai bai isa ba, sai in yarjejeniyar kamfani ta tanadi hanyar fita.

Kuma mu faɗi gaskiya: yawancin tarayyarmu da baki aka ƙulla su, ba rajista ba takarda. Ran rabuwa, mai ƙarfi ke cin ribar shekaru, zumunci ya tafi da ita. Saboda haka tun ranar zuba kuɗi, gaban shaidu, mu rubuta abu uku: yadda mutum zai fita, wa zai ƙiyasta dukiya, da wa'adin biya.

Allah ya sa albarka a nemanmu. Dattawan da suka ga zamanin UNCC, ku ƙara mana abin da kuka tuna.