Agadas: Mahaɗar Ayari da Tsofaffin Gine-ginenta

Masana tarihi sun yi ittifaƙi a kan cewa Agadas ta bunƙasa ne tun daga ƙarni na 15, lokacin da ƙabilun Abzinawa suka mayar da ita mazaunin sarkinsu. Dalilin zaɓen wurin a fili yake. A nan ne hanyar fataken da ke fitowa daga Gat da Gadamas zuwa Katsina da Kano ta gamu da ta ayarin gishirin Bilma, ga kuma wadda ta yi yamma zuwa Gawo. Wannan cuɗanya ce ta sa Hausa ta zama harshen ciniki a garin da ba Hausawa ke sarautarsa ba. Ba kaya kaɗai ke bin hanyoyin ba, har da ilmi, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya zauna a Agadas tare da malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Ginin da ya fi kowane fice shi ne babban masallaci, wanda ake danganta asalinsa da wajejen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Sangai ya ci garin. Hasumiyarsa ta ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, tana tsukewa daga gindi zuwa sama. Itatuwan da suka yi cirko-cirko a jikinta ba ado ba ne kamar yadda baƙo zai zata. Su ke riƙe ginin, a kansu kuma magina ke tsayawa idan za a yi yaɓe. An sake gina ta a 1844. Da Heinrich Barth ya iso a 1850, sabuwar hasumiya ya tarar a tsakiyar garin da kangaye suka yi wa yawa, abin da ke nuna cewa ko da ciniki ya ja baya, jama'a ba su saki masallacinsu ba.

Kusa da shi fadar Sarkin Abzin take. Su kuwa unguwanni 11 na tsohon garin, lungunansu sun bi sawun inda ƙabilu suka fara kafa tantunansu ne, shi ya sa ba su miƙe ba.

A 2013 Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Sai dai takarda ba ta hana ruwa cin ginin ƙasa. Tsohon masallacin Damagaram, wanda shi ma na ƙasa ne, ya rushe a daminar 2024, kuma ruwan wannan shekarar bai bar gidajen tsohuwar Agadas lafiya ba.