Daga Sabon Gari Zuwa Rugage: Wa Ke Da Ikon Kafa Tubali?

Jama'a, duk damina idan ruwa ya yi ɓarna a yankinmu na Gaya da Ajingi aka zo rubuta sunaye, tambayar farko ita ce: gidan wa ya rushe? Wanda ruwa ya tafi da bukkarsa ta kara a ruga sau da yawa ba ya shiga lissafi, don a idon mai rubutun bukka ba gida ba ce. Wannan bambancin yana da tarihi, kuma a birnin Kano aka fi ganin tushensa.

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911. Jirgi ya kwaso akawu da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu, Yarbawa da Inyamurai, har da mutanen Gana da Saliyo. Turawa ba su so su cakuɗa da mutanen cikin ganuwa, sai aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Su Turawa suka zauna Nasarawa a filaye masu faɗi, Kwarori 'yan Siriya da Labanan suka samu gefen Fagge. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta ƙara ƙarfafa wannan rabo, har da tazarar yadi 440 da ake bari tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata.

To ga inda gizo ke saƙar. Fili a Sabon Gari na haya ne na ƙayyadadden lokaci, kuma unguwar tana da iyaka. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Sai mai fili ya jera ɗakuna ciki ɗaya ya zuba 'yan haya, iyalai da yawa a kan banɗaki ɗaya. Bayan rikicin 1953 da na 1966 tsoro ya ƙaru, wanda ma yake da halin fita ya gwammace cunkoson da zama inda ba nasa. Har yau jikokin waɗancan mutane, haifaffun Kano, masu Hausa rangaɗaɗau, baƙi muke ce musu.

Mu dawo gida. Abin da birni ya yi wa ɗan Kudu da takarda, karkara ta yi wa Bafulatanin daji da rashin takarda. Makiyayi ya biya jangali tun zamanin En'e, amma wurin da ya kafa ruga aro ne daga mai gari ko mai gona. Wanda aka ba aron wuri ai ba ya zuba siminti, don gobe ana iya cewa ya tashi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, sai dai gonaki sun yi ta cinye burtali da mashaya. A 2019 gwamnatin Buhari ta fito da shirin Ruga, surutu ya yi yawa, aka dakatar da shi a watan Yuli na shekarar.

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar zama a filin karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. Wato ba sai an jira Abuja ba. Sakatariyar Gaya da ta Ajingi, da haɗin kan masarauta da hakimai da ardo-ardo, za su iya auna rugagen da suka daɗe a wuri ɗaya, a daidaita da masu gonakin da ke maƙwabtaka, a ba su takarda. In akwai takarda, mutum zai yi gini, a haƙa rijiyar burtsatse, makarantar 'ya'yan makiyaya ta zauna da gindinta.

Mu Gayawa mun fi kowa sanin wannan. Tarihi ya ce maƙerin nan mai suna Kano daga Gaya ya tashi neman tama, ya sauka a gindin Dala. Shi ma baƙo ne ranar da ya isa, aka bar shi ya kafa maƙera.

Don Allah wanda ke da kansila ko dagaci a kusa, ya tambaye shi: rugage nawa ne a mazaɓarku ke da takardar wurin zamansu? Ku ajiye mana amsar a ƙasa. Allah Ya sa mu dace.