Fala: Karen Roosevelt da ya shiga littafi, ya kuma shiga siyasa

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: me ya sa aka kafa mutum-mutumin kare kusa da na Shugaba Franklin Roosevelt a dandalin tunawa da shi da ke Washington? Amsar tana cikin wani ƙaramin littafin yara da wata rigimar zaɓe.

Sunan karen Fala, baƙi ne, gajere, mai yawan gashi, irin na ƙasar Scotland. An haife shi a Afrilun 1940, kuma Margaret Suckley, 'yar uwar shugaban ta nesa, ita ta horar da shi ta ba shi kyauta. Daga nan duk inda Roosevelt ya sa ƙafa, Fala na biye, har taron da suka yi da Firayim Ministan Birtaniya Churchill a kan teku a Agustan 1941.

A 1942 Suckley da marubuciya Alice Dalgliesh suka fitar da littafin The True Story of Fala, ɗauke da hotuna da kuma zanen hannu na E. N. Fairchild. Zanen nan ba ado kawai ba ne. A lokacin da jaridu suka cika da labarin Yaƙin Duniya na Biyu da mutuwa, yaran Amurka suka buɗe littafi suka ga ɗan kare na fadar White House kamar na gidansu. Wasiƙun da ake aiko masa sun yi yawan da sai da aka ba wani aikin amsa su.

Sai ga zaɓen 1944. 'Yan jam'iyyar Republican suka baza labari cewa Roosevelt ya manta da Fala a tsibiran Aleutian, ya tura jirgin ruwan yaƙi ya ɗauko shi, aka ƙona miliyoyin dalolin talakawa. Har majalisa ɗan majalisa Harold Knutson ya kai maganar. Rundunar sojan ruwa ta ƙaryata, kuma maganarta ce abin kamawa, domin masu zargin ba su kawo shaida ko ɗaya ba, ko a kan adadin kuɗin ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Ranar 23 ga Satumba, a liyafar ƙungiyar direbobin manyan motoci, Roosevelt ya mayar da martani. Ya ce shi da iyalinsa sun saba da zagi, amma Fala bai saba ba, kuma tun da ya ji an ce an yi almubazzaranci dominsa ransa ya ɓaci, kasancewarsa ɗan Scotland mai tsimin kuɗi. Zauren ya kece da dariya, masu saurare ta rediyo ma haka. 'Yan adawa sun taɓa karen da jama'a suka riga suka sani a shafukan littafi, reshe ya juye da mujiya. Roosevelt ya kada ɗan takarar Republican Thomas Dewey a Nuwamba.

Shugaban ya rasu a Afrilun 1945, Fala ya koma hannun matarsa Eleanor, ya mutu a 1952. An binne shi a Hyde Park, 'yan taku kaɗan daga kabarin ubangidansa.