Waƙar Mata a Afganistan

Waƙar mata a Afganistan tsohuwar al'ada ce da ta rayu a manyan harsunan ƙasar biyu, Farisanci da Fashto. Jigoginta sun haɗa da auren dole, kulle, soyayyar da aka hana, da ƙoƙarin mace na a san ta da sunanta.

Asali

Ana ɗaukar Rabi'a Balkhi, wadda ta rayu a Balkh a ƙarni na 10, a matsayin mace ta farko da aka sani da waƙa a Farisanci. Ruwayar da mawaƙi Fariduddin Attar ya kawo ta ce ɗan'uwanta Haris ne ya sa aka kashe ta don ta kamu da son bawansa Baktash.

Landai

A karkarar Fashtun, mata sun fi yin landai, wato baiti mai ɗango biyu da gaɓoɓi 22, tara a na farko, 13 a na biyu. Kamar waƙoƙin niƙa da daka, landai ba ta da mai ita. Ana rera ta a wurin biki ko a hanyar ɗebo ruwa, kowa ta sauya kalma yadda ta ga dama. Rashin sunan nan ne garkuwa: yarinyar da aka aurar wa tsoho na iya yi masa zambo son ranta, ba a san bakin da ya fara ba. Masani Sayyid Bahauddin Majruh, wanda aka kashe a Feshawar a 1988, ya tattara da yawa daga cikinsu.

Zamanin Taliban da bayansa

Da Taliban suka hana mata karatu daga 1996 zuwa 2001, wasu matan Herat sun fake da makarantar koyon ɗinki, inda wani malamin jami'a ke karantar da su adabi a ɓoye. Daga cikinsu Nadiya Anjuman ta fito. Ta wallafa littafin waƙoƙinta da sunanta a 2005, ta rasu a Nuwamban shekarar bayan mijinta ya doke ta. Daga baya ƙungiyar Mirman Bahir ta Kabul ta riƙa sauraron waƙoƙin matan ƙauye ta waya, yawanci da sunan aro.

Bayan Taliban sun dawo kan mulki, a Agustan 2024 gwamnatinsu ta kafa dokar da ta hana mace ɗaga murya da waƙa ko karatu a bainar jama'a.