Muhallin Yaro a Matsayin Ɗakin Gwaji: Koyar da Tushen Kimiyya a Ajin Share Fage a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake koyar da tushen kimiyya da sanin halittu ga yara 'yan shekara 4 zuwa 6 a azuzuwan share fagen firamare, waɗanda jama'a ke kira rabin aji. An ɗora nazarin a kan ra'in Lev Vygotsky, aka bi ayyukan magabata da tanade-tanaden manufar ilimi ta Nijeriya, sannan aka auna su da darussan da za a iya gudanarwa da kayan gida. Maƙalar ta nuna cewa yaron Bahaushe yana zuwa makaranta da guzuri mai yawa na sanin tsirrai da dabbobi da yanayi. Abin da bai saba da shi ba shi ne ya yi tambaya, ya yi hasashe, ya gwada, sannan ya faɗi abin da ya gani. Aikin malama shi ne ta ɗora shi a kan wannan tsari, cikin harshen da yake ji.

1.0 Gabatarwa

A 1840 Friedrich Froebel ya tabbatar da makarantarsa ta ƙananan yara a garin Bad Blankenburg na ƙasar Jamus, bisa tsarin ware wa kowane yaro ɗan fegin da zai yi shuka. Maria Montessori ta buɗe tata a birnin Rum a 1907, ta fifita taɓawa da sarrafa abu da hannu a kan yawan bayanin baki. Manufar ilimi ta ƙasa a Nijeriya, wadda ta fara fitowa a 1977, ta bi wannan sahu. Bugun 2004 ya sa cusa wa yaro son bincike ta hanyar nazarin halittu da muhalli cikin manufofin wannan mataki, ya ce a koyar ta hanyar wasa da harshen uwa ko na yankin, kuma kada malami ɗaya ya riƙe fiye da yara 25. Bugun 2013 ya shigar da shekara ɗaya ta share fage cikin ilimin bai-ɗaya.

Amma sau da yawa darasin kimiyya a waɗannan azuzuwa ba ya wuce malama ta faɗi jimla da Turanci, yara su amsa da ƙarfi. Yaro zai haddace jerin masu rai da marasa rai, a kai shi gindin darbejiya a tambaye shi ko tana da rai, ya ce a'a. Wannan giɓi tsakanin hadda da fahimta shi ne matsalar da maƙalar ta sa gaba.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Jean Piaget, a aikinsa na 1926 kan yadda yaro ke kallon duniya, ya nuna cewa ƙananan yara sukan danganta rai da motsi. Shi ya sa yaro kan ce rana da gajimare suna da rai, itace kuwa ba shi da shi. Susan Carey (1985) ta ce yaro ƙarami da ɗan'adam yake auna sauran halittu. Nazarin Kayoko Inagaki (1990) a Japan ya nuna cewa lamarin ya danganta da abin da yaro ya saba da shi: yaran da suka yi kiwon kifi a gida sun yi amfani da saninsu na kifi wajen hasashe a kan kwaɗo, dabbar da ba su taɓa kiwo ba. Haka Norbert Ross da abokan aikinsa (2003) suka sami bambanci tsakanin yaran birni da na karkara a Amurka.

Wannan sakamako yana da muhimmanci a ƙasar Hausa, inda yara da dama, har a cikin birni, ke tashi tare da kaji da awaki da tattabaru. Yaron da ya ga kaza ta yi kwanci na kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ko ya bi kakarsa tsinkar zogale, yana da tushen da za a ɗora gini a kai.

3.0 Ra'i da Hanyar Nazari

Vygotsky (1934) ya bambanta sanin da yaro ke tsinta a rayuwar yau da kullum da sanin da makaranta ke bayarwa cikin tsari. A ganinsa, na biyun ba ya zama daram sai ya sami na farkon ya hau kansa, kuma babba ne ke haɗa su ta hanyar magana da yaron a kan abin da ya ɗan fi ƙarfinsa, amma zai iya idan aka tallafa masa. Bisa wannan, an auna kowane darasi da ma'auni uku: ko yaro ya riga ya san kayan, ko zai iya gwadawa da hannunsa, ko kuma sakamakon zai ci karo da abin da ya zata.

4.0 Darussan da Aka Nazarta

4.1 Tsiron Wake

Za a samo gwangwanin madara uku, a huda gindinsu, a cika da ƙasar gona, a binne ƙwayar wake uku-uku. Na farko a riƙa ba shi ruwa a bakin taga, na biyu a hana shi ruwa, na uku a ba shi ruwa amma a kifa masa kwali. Kafin komai malama ta tambaya: "Yara, wanne kuke jin zai fito, wanne ba zai fito ba?" Ta ɗiga wa kowane hasashe alama a allo, ba tare da ta ce wane ya yi daidai ba.

Cikin kwana 3 zuwa 5 na farko zai tsiro, na biyu ya yi shiru. Darasin yana wajen na uku, domin wanda ya zata duhu zai hana shi fitowa zai tarar ya fito, har ya fi na taga tsawo, sai dai siriri ne, fari fat, ba ƙwari. Dalili shi ne ƙwayar tana ɗauke da abincinta, ruwa da iska da ɗumi kawai take bukata ta tsiro. Sai ganye ya buɗe ake bukatar haske don haɗa sabon abinci. Kowace safiya yaro ɗaya ya karya tsinken tsintsiya daidai tsawon tsiron, a jera tsinkayen a jikin kwali. Bayan mako biyu yara za su ga girman a jere tun ba su iya karanta awo ba. A nan ne kuma batun rai ke warwarewa, domin sun ga abin da ba ya tafiya yana shan ruwa, yana girma, idan aka hana shi ruwan ba ya tsirowa.

4.2 Randa da Bokitin Roba

Da safe a zuba ruwa ɗaya a ƙaramar randa da bokitin roba, a ajiye su inuwa guda. Kafin tashi yara su tsoma yatsa a kowanne, su kuma shafa bayansu: randa da danshi, roba a bushe. Daga nan kowa ya jiƙa bayan hannu ɗaya, a yi wa hannayen biyu fifita da mafici, ya faɗi wanda ya fi jin sanyi. Ruwan da ke naso ta ƙananan ƙofofin yumɓu yana ɗauke zafi idan iska ta busar da shi, shi ya sa randa ta fi sanyaya ruwa da rani fiye da tsakiyar damina. A kan wannan ƙa'ida Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jigawa don adana kayan miya, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ba a neman ɗan shekara 5 ya fahimci duk wannan bayani. Ya isa ya iya cewa abu mai danshi yakan yi sanyi idan iska ta buge shi, domin wannan ne ya gwada a jikinsa. Malamar da ta wuce nan ta koma hadda ta wata ƙofa.

4.3 Ƙwarya, Inuwa da Gawo

A daro mai ruwa, babbar ƙwarya tana yawo a sama, ƙaramar tsakuwa tana nutsewa, abin da ke rushe zaton cewa babba ne ke nutsewa. Sandar da aka kafa a fili, ana zana inuwarta da gawayi da safe da hantsi da kusan azahar, tana nuna inuwa na gajarta tana juyawa. Maimakon hoton dusar ƙanƙara da ke cikin littattafan waje, a bi bazara da damina da kaka da hunturu a jikin itace ɗaya. Gawo ya dace da wannan, domin yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, saɓanin sauran itatuwa.

5.0 Harshe da Tarbiyyar Tambaya

Duk waɗannan darussa a kan magana suka dogara, kuma yaro ba ya hasashe ko musu da harshen da bai iya ba. Gwajin shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci sun fi takwarorinsu ƙwazo, ba kuma su koma baya a Turanci ba. A Nijar ma an fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973.

Sai batun al'ada. Yaron da aka hora da kawaici a gaban manya yakan ɗauki yawan tambaya a matsayin rashin kunya, don haka sai malama ta nuna masa cewa a aji tambaya abin yabo ce. Idan aka tambayi abin da ya fito da tsiro yaro ya ce "Allah ne", babu abin gardama. Malama ta amsa: "Haka ne, yaron kirki. To, me muka zuba wa wannan da ba mu zuba wa wancan ba?"

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa rashin kayan gwaji na zamani ba shi ne babban cikas a wannan mataki ba. Gani ya kori ji, kuma abin ganin yana tsakar gida. Cikas ɗin yana wajen horon malamai da cunkoson aji, domin tsoma hannu a daro ba ya yiwuwa ga yara masu yawa lokaci guda sai an raba su rukuni-rukuni. Ana ba da shawarar kwalejojin ilimi su sa ɗalibansu gudanar da waɗannan darussa da kansu kafin su fita koyarwa, hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su samar da jagorar malamai da Hausa bisa yanayin shekara, a kuma riƙa auna yaro da abin da zai iya nunawa da bayyanawa. Mataki na gaba shi ne bincike a fagen aji, wanda zai kwatanta fahimtar yaran karkara da na birni kafin darussan da bayansu.