Daga Bakin Daga zuwa Bakin Iyaka: Tsofaffin Sojin Faransa a Ƙasar Magarya

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Tsakanin 1906 da 1908 kuma suka haɗu da Ingilishi suka kafa alamun iyaka, Magarya da Dungas suka faɗa hannun Faransa, Daura da Gumel suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, amma Nasara biyu.

Cikin nauyin da Faransa ta ɗora wa talakawa har da soja. Dokar 1919 ta wajabta ɗibar samari kowace shekara, su yi aikin shekara uku. Kumandan ya faɗa wa sarki adadin da yake so, sarki ya aika wa masu gari, likita ya duba ƙirji da haƙora, sannan a ja ƙuri'a. Ɗan mai hali yakan sami hanyar kuɓuta. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin ya tsallaka ƙasar Ingilishi da dare. Ɗan talaka aka fi kamawa, a saka shi cikin rundunar da ake kira ta ƴan Senegal, ko da bai taɓa ganin Dakar ba. Irinsu sun yi Yaƙin Duniya na Biyu, na bayansu suka yi na Indocin da ya ƙare a 1954 da na Aljeriya da ya ƙare a 1962. Seyni Kunce da Ali Shaibu, waɗanda suka mulki Nijar daga baya, duk a sojan Faransa suka tashi.

Wanda ya dawo da rai yakan tarar ƴan'uwa sun raba gonar gado. Sai dai ya zo da abin da su ba su da shi: Faransancin bariki, rashin tsoron ofishin kumandan, da kuma fansho in ya daɗe a aiki. Wasu suka shiga aikin gardi. Wasu kuma suka roƙi mai gari fili a bayan gari, suka sassabe daji, suka haƙa rijiya, suka kafa tunga.

Zamanin ma ya taimake su. An soke aikin tilas a 1946, gyaɗa ta yi daraja, Magarya ta zama ɗaya daga manyan cibiyoyinta, har gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Mai wayo bai bar kuɗinsa cikin akwati ba, ya mai da su ƙafa huɗu: karsana bana, bijimin huɗa baɗi. Harawar gyaɗa ta hau rumfa don rani. Da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, shanu su taru ƙarƙashin gawo suna tsintar ƴaƴansa, kashinsu ya zama taki a jigawar da za a shuka gero. Da damina a damƙa garke hannun Bafulatani ya yi nesa da shuka. In buƙata ta taso, ga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis a tsallaken iyaka, inda fataken kudu ke biyan sa da tsada. Iyakar da samari suka riƙa tsallakawa don gudun soja ita ce ta zama hanyar arzikin tsohon soja.

Shanun sun fi takardar fansho riƙon amana. Dokar da Faransa ta yi a Disambar 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka sami ƴanci: na Bafaranshe yana hawa, na abokin yaƙinsa na Magarya ko Dungas yana tsaye cik. Garke kuwa yana haihuwa, ko da yake farin 1973 da na 1984 sun yi masa mummunar ɓarna, cutar gyaɗa ta 1975 kuma ta karya kasuwar da ke ciyar da shi.

Sai a 2001 babbar kotun mulki ta Faransa ta ba Amadu Diop, tsohon saje ɗan Senegal, gaskiya, shekara biyar bayan rasuwarsa. Cikakken daidaito bai zo ba sai 1 ga Janairun 2011, lokacin da akasarin masu haƙƙin suka riga suka kwanta dama. Abin da magadansu suka raba gona ce da rijiya da ragowar garke, a ƙasar da yau jama'a ta cika ta har daji ya ƙare, burtali ma sai da hukuma ta shata shi.